Sauro, Kwata da Amanar Shugabanci: Kira ga Kaduna ta Arewa

Ruwan sama rahama ne, kuma babu Musulmin da zai ga hadari ya haɗo bayan tsananin bazara bai yi godiya ga Allah ba. Sai dai a birnin Kaduna, kamar sauran garuruwan Arewa, damina tana zuwa da baƙon da ba a gayyata ba. Daga watan Yuli zuwa Oktoba ɗakunan yara a asibitoci sukan cika, layin masu jiran gwajin jini ya yi tsawo, kuɗin cefane ya koma kuɗin magani, wasu gidajen kuma a shimfiɗa tabarmar zaman makoki. Mun saba da wannan har ya zame mana jiki, muna kiransa ciwon damina kamar wani harajin da dole a biya kowace shekara. Matsayinmu a wannan shafi shi ne cewa ba dole ba ne. Yawancin wannan asara ana iya kauce mata, kuma akwai waɗanda doka da addini suka ɗora wa alhakin kauce mata, tun daga shugaban ƙaramar hukuma har zuwa magidanci.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2023 an samu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro har sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 kuma suka rasu. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwar a Nijeriya suke, haka kuma kusan kashi 31 cikin ɗari na mamatan. A nahiyar Afirka, kimanin uku cikin kowane mutum huɗu da cutar ta kashe yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Duk da haka akwai abin ƙarfafa gwiwa: binciken ƙasa ya nuna cewa yawan ƙananan yaran da ake samun ƙwayar cutar a jininsu ya sauko daga kashi 42 cikin ɗari a 2010 zuwa kashi 22 a 2021. Wannan hujja ce cewa cutar tana ja da baya idan an tunkare ta da gaske.

Wanda ya san Kaduna ya san dalilin da ya sa maganar ta fi shafar unguwannin da ke arewacin kogi. Kogin Kaduna ya kewayo birnin ta gabas, ya bi ta gefen Rafin Guza da Malali da Unguwar Rimi, ya wuce Kabala, sannan ya raba gari biyu. Ƙoramu da manyan magudanan da suka ratso Kawo, Hayin Banki, Badarawa, Unguwar Dosa da Unguwar Shanu duk can suke zubewa. Idan kogi ya cika ya tumbatsa, kamar yadda ya yi a 2003 da 2015, unguwannin bakin ruwa irin su Rafin Guza da titin Kigo su ne kan gaba wajen shan wuya. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne abin da ambaliya take bari bayan ta janye: ɗaruruwan ƙananan kududdufai a cikin yashi, tsakanin duwatsu, da cikin ramukan da masu ɗiban ƙasa da masu buga bulo suka haƙa. Da rani kuma masu lambu suna jan ruwa zuwa fadamun bakin kogi, ruwa ya kwanta a kwarin kunya. Saboda haka mazauna bakin kogi ba su da cikakken hutu daga sauro, damina ko rani.

Kafin a yaƙi abokin gaba sai an san halinsa, kuma a nan ne ake yawan kuskure. Sauro ba iri ɗaya ba ne. Wanda yake damun mu da kuka a kunne, mai fitowa daga kwata mai wari da ramin masai, shi masana ke kira kuleks. Yana hana barci, amma ba shi ne mai yaɗa maleriya ba. Mai yaɗa ta shi ne anofilis, kuma tamatar ce kaɗai take cizo, galibi daga faɗuwar rana zuwa asuba. Ita ta fi son ruwa marar zurfi, marar ƙazanta sosai, wanda rana take dukansa: sawun tayar mota a hanyar da ba kwalta, ramin gini, kududdufin bayan gida, ruwan da ya taru daga fashewar bututu. Takan saka ƙwai 50 zuwa 200 a lokaci guda, kuma a yanayin zafi irin namu kwana goma ko ƙasa da haka sun isa ƙwan ya zama tsutsa, tsutsar ta zama sauro mai tashi. Ma'ana, duk ruwan da ya kwana mako guda a fili ba tare da ya bushe ba ya zama gonar cuta. Ga kuma sabon baƙo: wani nau'in anofilis ɗan asalin Asiya, wanda aka fara ganowa a Nijeriya a Jihar Gombe a 2020, yana hayayyafa a tankunan ruwa da durom-durom na cikin birni, wato daidai abin da kowane gida a Kaduna ya tanada saboda ƙarancin ruwan famfo.

Wannan sani yana da amfani wajen auna ayyukan hukuma. Yashe kwata wajibi ne, domin yana hana ambaliya, yana rage amai da gudawa, yana kuma sa ruwa ya wuce maimakon ya malala ya kwanta a fili. Amma yashe kwata shi kaɗai ba ya kawar da maleriya, musamman idan an tara dagwalon a bakin lambatu an bar shi har ruwan gaba ya mayar da shi. Shi kuwa feshin hayaƙi da ake zagayawa da shi a titi da rana tsaka, ana ɗaukar hoto, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a dogara da shi wajen yaƙi da maleriya ba, domin hayaƙin yakan watse cikin ɗan lokaci, tsutsar da ke cikin ruwa kuma tana nan. Abin da hukumar ta amince da shi shi ne gidan sauro mai magani, feshin bangon cikin ɗaki, da kuma zuba maganin kashe tsutsa a matsayin ƙari, a wuraren da matattarar ruwan ba ta da yawa, tana wuri ɗaya, kuma ana iya gano ta. Unguwannin birni irin namu suna cikin wuraren da wannan sharaɗi zai iya cika. Duk kuɗin jama'a da aka kashe a kan abin da ake gani ba abin da yake aiki ba, almubazzaranci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Tarihin birnin kansa yana da darasi. Cikin dalilan da suka sa Turawan mulkin mallaka suka baro Zungeru suka dawo da hedikwatar Arewa Kaduna a 1917 har da neman wuri mai lafiya da wadatar ruwa. Sun san haɗarin sauro sarai, domin tun 20 ga Agusta, 1897 likitan nan Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a ƙasar Indiya. Amma maganin da gwamnatin Lugga ta zaɓa shi ne wariya: a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa zaton sauro ba zai ƙetare shi ba. An kare 'yan tsiraru, an bar jama'a da zazzaɓinsu. Turawa sun tafi, amma duk lokacin da aka shimfiɗa magudanan siminti a unguwannin masu hali aka bar Rafin Guza da lungunan Hayin Banki da kwatar ƙasa, wannan tsohon fili ne ake sake shatawa. A ɗaya gefen, dattawanmu suna tuna zamanin dubagari, wanda yake shiga gida ya leƙa randa, ya duba makewayi, ya ci tarar mai sakaci. Ba ma kewar tsoratarwar da ta biyo aikin, amma muna kewar tabbacin cewa akwai wanda aikinsa ne ya duba.

Darasi na biyu daga Garki ne, a Jihar Jigawa ta yanzu, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da wani shahararren bincike daga 1969 zuwa 1976. An yi feshin ɗakuna, an raba magani ga jama'a, cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka dakatar da aikin sai ta dawo. Abin da duniya ta koya daga ƙasar Hausa ke nan: sauro ba a yaƙarsa da gangamin kwana ɗaya. Aiki ne na kowane mako, kowace shekara, kuma babu matakin gwamnati da ya dace da irin wannan aiki kamar wanda ya fi kusa da jama'a.

Tsarin Mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, cikinsu har da ginawa da kula da tituna da magudanan ruwa, kwashe shara, kula da makewayin jama'a, da shiga cikin samar da kiwon lafiya. Shekaru da dama uzurin shugabannin ƙananan hukumomi shi ne asusun haɗin gwiwa da jiha ya ɗaure musu hannu. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, a ranar 19 ga Oktoba na shekarar kuma aka zaɓi shugabanni da kansiloli a Jihar Kaduna. Ko ta wace hanya kuɗin yake isowa sakatariyar Magajin Gari, kason kowane wata ba asiri ba ne, ana wallafa shi. Wanda ya nemi ƙuri'a ya karɓi rantsuwa ya ɗauki amana, kuma jama'a suna da haƙƙin tambayar abin da aka yi da ita. Jihar Kaduna ta shiga ƙawancen gwamnatoci masu gudanar da mulki a buɗe tun 2018. Bai kamata wannan buɗewa ta tsaya a takardun ma'aikatu ba tare da ta sauko mazaɓa ba.

Saboda haka muna kira ga Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, da maƙwabtanta Kaduna ta Kudu da Igabi waɗanda Tudun Wada da Rigasa suke ƙarƙashinsu, da abubuwa biyar da ba su fi ƙarfinsu ba. Na farko, kowace mazaɓa daga cikin 12 na Kaduna ta Arewa ta samu rubutaccen jerin wuraren da ruwa yake kwanciya, a tattara shi tare da masu unguwanni kafin saukar damina, a liƙa shi inda kowa zai gani. Na biyu, a cike ramukan da za a iya cikewa, a buɗe wa ruwa hanya, waɗanda ba za su ciku ba a riƙa zuba musu maganin tsutsa bisa jadawali. Na uku, a yashe magudanai a watan Afrilu da Mayu, a kwashe dagwalon a ranar, ba a jira sai Agusta ta cika gidaje ba. Na huɗu, a dawo da martabar jami'an duba tsaftar muhalli, a ba su abin hawa da kayan aiki, a kuma tilasta wa masu gine-gine da masu buga bulo su cike ramin da suka haƙa, tare da haɗa kai da hukumomin jiha na kare muhalli da tsara birane a kan masu gini bisa hanyar ruwa. Na biyar, duk bayan wata uku kansila ya tsaya gaban jama'ar mazaɓarsa ya faɗi abin da aka ware, abin da aka kashe, da adadin masu zazzaɓin da cibiyar lafiyar mazaɓar ta gwada. Jiha tana da tsarin cibiyar lafiya guda a kowace mazaɓa cikin 255, don haka waɗannan alƙaluma suna nan a rajista. Labarin da muke so daga ƙaramar hukuma ke nan, ba hoton rabon kaya ba.

Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Hukuma ba ita take zuba shara a kwata da zarar hadari ya taso ba, ba ita take sako ruwan wanka da na wanki kan hanya ba. A nan ne addininmu yake da magana. Alƙur'ani ya ambaci sauro a aya ta 26 ta Suratul Baƙara, a matsayin misalin ƙaramar halittar da bai kamata a raina darasinta ba, Hausawa kuma suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ya tabbata a Bukhari cewa da Muhajirai suka isa Madina zazzaɓi ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal, Allah Ya ƙara musu yarda, kuma Nana A'isha ta siffanta garin da yawan annoba, tare da ambaton gurɓataccen ruwan da yake kwarin Buɗhana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa garin lafiya. Shi ne kuma ya yi umarni da neman magani, da rufe ƙoran ruwa da dare, ya hana ƙazantar da ruwan da ba ya gudu, ya sanya kawar da cuta daga hanya cikin rassan imani. Addu'a da riƙo da sababi tare suka zo mana, ba a raba su.

Malamai sun ƙidaya kare rai cikin manyan manufofin Shari'a, kuma ƙa'idar fiƙihu ce tabbatacciya cewa ana gusar da cuta. Mai gidan da ya bar rami cike da ruwa a filin da bai gina ba, sauron da ya fito daga ciki ba ya tambayar iyakar fuloti. Ɗan maƙwabci zai cija. Wannan haƙƙin maƙwabtaka ne da za a tambaye shi. Tsaftar lungu da ta magudanar unguwa tana da hukuncin abin da idan wasu suka yi ya faɗi a kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Imani da ƙaddara kuwa shi ne mafakar zuciya bayan an yi iya ƙoƙari. Ba mayafin rufe sakaci ba ne. Muna roƙon limamanmu, tun daga Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki har zuwa ƙananan masallatan lungu, da su ware huɗuba ga wannan batu a farkon kowace damina, su kuma fara da kansu: a duba inda ruwan alwala yake zuba. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962, da sauran ƙungiyoyi masu 'yan agaji suna da matasa masu horo da biyayya. Aikin gayyar cike ramuka bai gaza tsaron filin Idi lada ba.

Ga magidanta da iyaye mata, abin da ake buƙata sananne ne. Gidan sauro mai magani a rataye shi a kwana a ciki kowane dare, ba a ajiye shi a akwati ko a kewaye shuka da shi ba. Sabo a shanya shi a inuwa kwana guda kafin amfani, idan ya yage a ɗinke, kada a wanke shi da sabulu mai ƙarfi ko a shanya a rana. A rufe tanki da durom da randa, a kife tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Idan ma'aikatan lafiya suka ƙwanƙwasa ƙofa da maganin rigakafin damina na yara daga wata 3 zuwa wata 59, a karɓa, a kuma cika na kwana biyun da suka rage, domin kashin farko kaɗai ba ya wadatarwa. Mai juna biyu ta fara zuwa awo da wuri don ta samu maganin kariya aƙalla sau uku, kuma wajibin miji ne ya ba ta izini da kuɗin mota. Jikin yaro ya yi zafi, a yi gwaji kafin a sayi magani a kemis, domin ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Tun 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma maganin haɗi mai atemisinin, kuma dole a shanye shi kwana uku cif ko da an ji sauƙi. Jijjiga, yawan amai, kasa shan nono, ɗashewar tafin hannu ko suma ba haƙori ba ne, ba iska ba ce. A garzaya asibiti a daren, a yi addu'ar a hanya. Muna kuma gargaɗi game da fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki a rufe ƙofa: maganin ƙwarin gona ne, guba ce ga mai shaƙa, musamman jariri.

Ɗalibai suna da rawar da babu mai taka musu ita. Ɗalibin sakandare ko na Islamiyya da ya koyi bambance tsutsar sauro zai iya zagaya layinsu cikin sa'a guda ya rubuta duk inda ruwa ya kwanta, ya kai wa mai unguwa. Masu karatun kiwon lafiya da kimiyya a Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna za su iya mayar da wannan aikin bincikensu. Kada kuma a manta da almajirai, waɗanda suke kwana a zaure da barandar shago, kuma sau da yawa ba sa cikin lissafin gidaje idan ana rabon gidan sauro. Mai neman inda zai ajiye sadaka mai gudana ya duba tsangayar unguwarsu: ragar taga da gidan sauro goma za su tsare mahaddata da dama daga jinya.

Za a ce talauci ya yi yawa, aikin kuma ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Gaskiya ne ba za ta iya ita kaɗai ba. Magani da gidan sauro da allurar rigakafin da aka fara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024 suna hannun tarayya da jiha. Amma cike rami da yashe lambatu ba sa jiran tallafin ƙasashen waje, kuma talaka shi ne ya fi kowa biyan kuɗin rashin yin su. An tabbatar da Aljeriya ta rabu da maleriya a 2019, Masar kuma, wadda jama'arta suke zaune a bakin Kogin Nilu, a Oktoban 2024, bayan ƙoƙarin kusan shekara ɗari. A Abuja shugabannin Afirka suka taru ranar 25 ga Afrilu, 2000 suka yi alkawarin rage wannan cuta, ranar da ta zama ta tunawa da ita a duniya. Alkawarin da aka ɗauka a babban zaure a lungu ake cika shi.

Rigakafi ya fi magani. Shugaba ya tuna cewa za a tambaye shi game da talakawansa, magidanci game da iyalinsa, malami game da almajiransa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa ruwan da yake saukar mana ya zama na albarka, Ya kuma ba shugabanninmu ikon sauke amanar da suka ɗauka. Amin.